Malamar Gindin Dogon Yaro

A wani ƙauye can bayan Sabiyal, a ƙasar Aliero, akwai wani manomin albasa ana ce masa Sabo. Mutum ne mai kirki, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai Allah ya yi shi da son a yaba masa abinsa. In albasarsa ta yi kai, sai ya ɗauki guda ya zagaya majalisa da ita kafin a loda sauran a mota. To balle kuma 'yarsa Ihsan, wadda tun tana ƙarama bakinta ya buɗe kamar rediyo.

Shekarar da aka sa Ihsan aji ɗaya, wasu malamai suka zo daga Aliero gwada yara. Gwajin ba wani mai tsawo ba ne. A nuna wa yaro baƙi ya faɗi sunansa, a zube masa tsakuwa ya ƙidaya, a karanta masa ɗan labari a tambaye shi wa ya yi me. Yara da yawa suna ganin baƙuwar fuska suka sa kuka. Munir, ɗan maƙwabcin Sabo, tserewa ma ya yi gida ya bar takalminsa. Ihsan kuwa ta tsaya ƙyam ta amsa komai, har tana jiran a ƙaro mata.

Da yamma shugaban makarantar, Malam Labbo, ya tako da kansa har ƙofar gida.

"Malam Sabo, ɗiyakka kanta na ja," in ji shi. "Mutanen Aliero sun ce dut inda sunka zagaya ba su ga awa ita ba."

Wannan magana Sabo ya kai ta gona, ya kai ta masallaci, ya kai ta kasuwar Jega. Har direban da ke ɗaukar masa albasa sai da ya haddace ta.

Makarantar azuzuwa shida gare ta, malamai biyu. 'Yan aji ɗaya ba su da ɗaki, a gindin dogon yaro suke zama, an jingina allo a jikin itacen. Tun da can akwai abin da aka saba: yaron da ya fi kowa ƙoƙari shi ake ba sanda ya tsaya gaban allo ya riƙa ja wa ƙanana baƙi, su kuma suna amsawa. Girma ne babba, iyaye har addu'a suke Allah ya sa nasu ya samu. Saboda haka Ihsan na shiga aji biyu, Malam Labbo ya miƙa mata sanda.

Da farko na ɗan lokaci ne da safe, ta gama ta koma ajinsu. Amma yarinyar ta iya riƙon yara, ba mai motsi in tana gaba. Sai ya zama har ƙarfe tara. Da aka canja wa malami na biyu wurin aiki, aka bar Malam Labbo shi kaɗai da azuzuwa biyar, sai ya zama har tashi. Shi ma ba mugunta ba ce, mutum ɗaya ne, kuma tsakaninsa da Allah yana ganin ya ɗaukaka yarinyar. In ƙarshen zango ya zo kuwa, wa zai ce malama ta zo ta biyu? Ta ɗaya ake rubuta mata, ko ta zauna jarrabawar ko tana gindin dogon yaro.

Sunan Ihsan ya ɓace a gari, kowa Malama yake cewa. Sabo har hanyar gona ya canja don ya bi ta bakin makaranta. Sai ya rage gudun babur ya ji muryarta tana tashi, "Ba! Bi! Bu!" yara suna amsawa kamar za su tsaga ƙasa. Ya wuce yana murmushi shi kaɗai, yana gaishe da mutanen da ba su gaishe shi ba.

Uwarta Rakiya ce ta fara jin wani abu a ranta. Ihsan na aji biyar, ƙanen Rakiya ya turo saƙo a waya, ta miƙa mata ta karanta. Yarinyar ta daɗe tana kallon wayar, tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, leɓenta na rawa, daga baya ta ce tuwo zai ƙone ta tashi. Da Sabo ya dawo Rakiya ta gaya masa.

"Malam, ni hwa ban ga yarinyag ga na karatu ba. Kullum abin da ni ka ji bakinta na ƙanana na."

"Ke mi kis sani ga boko?" in ji Sabo. "Rubutun waya ƙanana na, ni ma ba ni ganin shi."

Shi dai ko an rubuta masa da gawayi a bango ba zai karanta ba.

Ihsan na aji shida aka turo sabuwar malama, Malama Hindu, mutuniyar Maiyama. Ba ta yi wata guda ba ta aika aka kira Sabo. Ta ce masa ta zauna da Ihsan, ta ga yarinya ce mai kaifin kai, amma karatunta ya tsaya inda ta baro shi tun aji biyu. Shawararta a karɓi sandar, a mai da ita aji huɗu, kada a kai ta jarrabawar shiga sakandare bana.

Sabo ya ji kamar an mare shi a kasuwa. "Aji huɗu? Waɗanga da ke ciki ita tak koya musu baƙi! Mutanen Aliero da kansu sunka gwada ta, ke kuma jiya-jiya kiz zaka." Ya kaɗa rigarsa ya fita. A majalisa ya ce hassada ce irin ta malaman zamani, ba sa son a ce ƙaramar yarinya ta iya aikinsu.

Ranar jarrabawa ya wanke babur, ya ɗauki Ihsan zuwa Jega, inda ake zaɓen 'yan makarantar kwana. Ya zauna a inuwa tare da sauran iyaye, kafin azahar duk sun san 'yarsa ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Yara suka fito suna surutu, wannan na cewa amsa kaza, wancan na musu. Ihsan ce ta fito ƙarshe, ta hau bayan babur.

Sun bar gari kenan ya ji goshinta a bayansa, rigarsa tana jiƙewa. Ya tsaya a gefen hanya.

"Mi ya hwaru, Malama?"

"Baba, sunana kaɗai ni rubuta, sai tambaya biyu na hwarko." Ta share hanci da bakin hijabinta. "Sauran ban taɓa ganin irinsu ba. Na ga kowa na rubutu, ni kuma ina ta juya takarda don kar a gane."

Motocin albasa suna ta wucewa, Sabo yana tsaye riƙe da kan babur. Tausayinta ya kama shi, kunya ta kama shi, bai san wanda ya fi ba.

Da sakamako ya fito, yara biyu aka ɗauka daga ƙauyen, ɗayansu Munir ne. Shi ba a taɓa ba shi sanda ba, ba a taɓa yi masa tafi ba, yana dai zaune a aji shekara da shekaru yana tsintar abin da ya samu. Sabo ya je ya yi wa ubansa barka, da zuciya ɗaya kuma, amma makonni ya yi yana sallar isha'i ya wuce gida kai tsaye.

Ihsan kuwa ta ce ta gama boko. Da aka dawo daga hutu ta ƙi fita, ta zauna tana taya uwarta tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Ƙananan yara suka riƙa zuwa zaure suna kiran Malama ta zo, ita kuma ta shige ɗaki ta rufe ƙyaure. Rakiya ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Sabo ya ga in aka ƙara 'yan makonni a haka, shi kenan, yarinyar ta bar makaranta har abada, ga kai mai kyau, ba ta iya karanta saƙon kawunta ba.

Ya sa hularsa ya tafi wurin Malama Hindu. Ya shirya dogon bayani a hanya, da ya isa sai ya tsaya yana murza hannu. Ita ta raba shi da wahala.

"Wurinta na nan aji huɗu, Malam Sabo. In ta zauna shekara ukku ana koya mata, za ka sha mamaki. Amma sai ta yarda da kanta, ba a jawo ta."

Ya dawo ya iske Ihsan a tsakar gida gaban tulin albasa. Ya tsuguna kusa da ita, abin da bai saba ba.

"Ihsan," in ji shi. Ta ɗago kai, don ta daɗe ba ta ji sunan a bakinsa ba. "Ba laihinki ba na. Mu munka ji daɗi, munka bar ki tsaye, wasu na zaune suna karatu."

"Baba, dariya za su yi min. Ni na koya musu."

"Su yi. Ni ma an yi min, ga ni ban mutu ba. Gobe ni zan kai ki."

Da safe suka tafi a ƙasa, shi a gaba ita a baya. 'Yan aji huɗu suna ganinta suka miƙe tsaye bisa sabo, Malama Hindu ta ce su zauna. Ihsan ta nemi wuri a kan benci tsakanin yara biyu da ba su kai kafaɗarta ba. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, wata ta matsa ta ba ta wuri.

Sabo ya yi kamar ya tafi, sai ya zagaya ya raɓe bayan taga. Malama Hindu ta rubuta lissafin rabawa a allo, ta yi bayani, ta juyo ta ce, "Kowa ya gane?"

"Eee!" in ji aji gaba ɗaya, kamar yadda yara ke yi ko sun gane ko ba su gane ba.

Sai ya ga hannu ɗaya ya tashi a hankali, ya tsaya rabi, sannan ya ƙarasa. Duk ajin ya juyo yana kallonta.

"Malama," in ji Ihsan, "ni ban gane ba. A sake min."

Malama Hindu ta ɗauki tsumma ta goge allon, ta fara daga farko. Sabo ya jingina da bango, ya cire hula ya share idonsa da ita. Ranar rana ta yi sosai kafin ya isa gona.