Ranar Gwajin Jirage a Poumpoumré

"Na Turkiyya ya fi sauƙin gyara," in ji Alphonse, yana buga sandarsa a ƙasa. "Wasu kuwa su sayar maka da jirgi, su riƙe kusoshinsa a aljihunsu."

Zaharaddin mai shago ya ce shi dai na Rasha, don su ba su da dogon sharaɗi. Mutumin da ko sarƙar keke bai iya mayarwa ba. Alphonse kuwa shekara ashirin ya yi yana makanikanci a sansanin jiragen soja, shi ya sa muke bar masa magana.

A ƙofar gidan maƙwabcina Baba Abdussalam muke zaune, shi yana kwance a ciki da ciwon zuciya. Tsohon mahauci ne. A wata kasuwar kan iyaka yake yanka a da, har ranar da wani jirgi ya yi ɓarin wuta a kanta. Bai taɓa sanin na wace ƙasa ba ne. A can ya baro gawar ƙanensa Mahmudu, a gindin teburin nama.

"Jirgi za a saya?" Baba ya tambaya ta taga.

"Surutu ne kawai, Baba," na ce.

Da muka tashi Alphonse ya ja ni gefe. "Alhamis da hantsi masu sayar wa gwamnati da jiragen za su yi démonstration, wato gwaji a sama. Ƙasa-ƙasa za su bi ta kan unguwar nan. Ku faɗa wa tsohon tun yanzu, ya san wasa ne."

Na sami 'yarsa Lauratu a madafa, na faɗa mata.

"Kawu, a gidanmu ba a kai wa mara lafiya labarin tashin hankali," ta ce. "In ya ji, kwana uku ba zai ci komai ba. Mu rufe taga, mu kunna masa karatu."

Mu ma haka muka taso, sai na yarda. Ban faɗa wa Baba komai ba.

Ranar Alhamis na zauna a gefen katifarsa, rediyo na karatu. Tun kafin in ji komai na ga ya ɗaga kai. Sai ƙarar jirgin farko ta iso, kwanon rufi ya hau rawa, kofin maganinsa ya gangara ƙasa.

Mutumin da ya yi sati biyu ana ɗaga shi, sai ga shi a tsaye. Ya cafki wuyan rigata ya kayar da ni rub da ciki, ya faɗo a bayana.

"Kwanta, Mahmudu. Bar naman, kwanta."

"Baba, ni ne. Gwaji suke yi, talla ce kawai!"

Ko ni ban ji muryata ba, don na biyu ya riga ya shigo. Ina jin bugun ƙirjinsa a bayana, da sauri, ba tsari. Tunda nake ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma ba jirgin nake tsoro ba.

Sau uku suka zagayo, sannan gari ya yi tsit. Daga titi na jiyo mutane suna tafi.

"Sun tafi, Baba. Tashi."

Nauyinsa sai ƙaruwa yake yi. Lauratu ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi salati a hankali. Ban motsa ba. Tafin hannunsa yana nan a kan kunnena, ya rufe min shi, da sauran ɗuminsa.