Shanya a Kan Fuskar Dakta

Duk matakin da Dakta Melecio Tabangay ya taka a rayuwa, sai an buga masa tamfol mai hotonsa an rataye a bakin kasuwarmu. Da ya dawo daga waje da digirin tattalin arziki, tamfol. Da ya zama farfesa a Manila, tamfol. Mai ba da shawara, tamfol. Mataimakin sakataren tsare-tsare, tamfol mai tsawon jipni biyu, motocin hayarmu. In an yi wata guda sai a sauke, mu raba. A kan fuskarsa muke shanya shinkafa. Iya amfanin da na san ya yi wa garinmu ke nan.

Ubangidana ne na baftisma, abin da muke kira Ninong. Ni da wasu ɗari biyu.

Ranar da zai zo gida, buhu talatin na shanshera muka baza a gefen kwalta, ni da Nanay, mahaifiyata. Noman bana duka. Kwana biyu tana jiƙe. In ba ta sha ranar yau ba, tsiro za ta yi.

Kapitan Berting, mai unguwarmu, ya iso a babur yana gumi, ya kira Nanay da sunanta.

"Puring, kwashe! Dakta na hanya."

"Hanyar ta yi masa kaɗan ne, Kapitan? Da ƙafa ya bar garin nan, silifa ɗaya ma aro."

"Ke dai bakinki! Kai Jomar, ba ka ji ba?"

"Na ji," na ce. Ban motsa ba.

Wajen ƙarfe biyu hadari ya haɗo daga gabas. Mun fara tattarawa ke nan sai ga jiniya. Motoci shida. Na ɗauka za su wuce. Suka tsaya.

Dakta ya fito cikin farar riga mai shara-shara. Nanay ta zungure ni, na kama hannunsa na kai goshi. Hannun laushi kamar burodi.

"Ɗan wa ne wannan?"

"Ɗanka ne, Ninong," in ji Nanay. "Kai ka riƙe shi a coci."

"Ah, haka ne, haka ne! Ya girma." Ya juya ga masu hoto. "Ku duba. Wannan shi ne ƙashin bayan ƙasa. Kar a taɓa komai, a bar ta a baje."

"Dakta, ruwa zai sauko," Nanay ta ce.

"Minti biyu, Puring. An duba hasashen yanayi, ruwa sai yamma."

Ya karɓi manjagarata. A juye ya riƙe ta. Ya ja sau ɗaya, aka ce bai yi murmushi ba. Ya sake. Aka ce a kawo hular manomi. Aka cire ta kan Kapitan. A ja na huɗu shinkafar ta buɗe, sai ga idonsa da tabarau suna kallonsa daga ƙasa, takalminsa a kan haƙoransa.

Ya yi dariya. Kowa ya yi dariya. Ya ce a ɗauki wannan ma.

Ɗigon farko ya faɗo a kan hular. Mutum uku suka buɗe masa laima. Kafin in naɗe tamfol ɗaya, motocin sun sha kwana, ruwa na jan shinkafarmu zuwa kwata.

Buhu tara muka tsirar. Sauran mai agwagi ya kwashe bayan kwana uku, duk ta yi gemu.

Nanay ba ta yi kuka ba. Ta wanke tamfol ɗin, ta shanya a kan katanga, fuskar tana kallon bango.

Watan jiya aka ba shi cikakken sakatare. Hoton nan suka buga, da manjagarata a juye. Ya fi duk na baya girma. Na auna shi da ido: zai ɗauki buhu goma.