Takobin Kalliopi

Babanmu kafintan jiragen ruwa ne a tsibirin Siros na ƙasar Girka, amma guda ɗaya tak ya taɓa ƙera wa kansa. Tsawonsa mita bakwai, da ɗan ɗaki mai gado biyu, da turke ɗaya mai ɗauke da ƙyallen iska biyu, babba a baya, ƙarami a goshi. Ya sa masa sunan Mama, Kalliopi. A ƙarƙashinsa akwai faffaɗan allo mai dalma a baki, wanda ke nutsewa mita ɗaya da rabi cikin ruwa. Takobi muke ce masa. Shi ke hana jirgi kifewa, shi ke hana iska tura shi gefe.

Da Baba ya rasu, jirgin ya koma hannun yayana Lefteris, ni kuwa ina koyarwa a birnin Atina. Ranar da Baba ya cika shekara da rasuwa aka shirya yi masa addu'a a cocin ƙauyensu a tsibirin Tinos, ƙarfe sha ɗaya na safe. Mama ta riga mu tafiya a jirgin fasinja. Ni na nace sai a Kalliopi za mu je.

"Froso, iskar arewa za ta taso," in ji Lefteris. "Mu bi sawun Mama."

"Yaya, tsufa ne ko tsoro? Jirgin nan ya ga abin da ya fi wannan."

Sai kawai ya kwance igiya.

Mun fita ƙarfe shida, ina riƙe da sandar tuƙi. Sa'a ɗaya ba ta cika ba iskar ta taso daga Tinos, daidai inda muka nufa. Wannan bai dame ni ba. Jirgin ƙyalle ba ya tunkarar iska kai tsaye, a karkace yake hawanta, kuma ban san ƙaramin jirgin da ya kai Kalliopi iya hawa ba.

Amma a ranar sai ya kwanta. Iska na bugawa ɗaya gefensa ya nutse, ruwa ya hau har kan tagar ɗaki, kuma ya daɗe kafin ya miƙe. Muka rage babban ƙyalle, muka sake ragewa. Na waiwaya na dubi sawun da muke bari a ruwa. Maimakon ya miƙe a bayanmu, ya karkace gefe. Goshinmu yana kallon Tinos, amma kudu muke zamewa.

"Yaya, wannan ba jirgin Baba ba ne. Me ka yi masa?"

"Riƙe tuƙinki."

"Na ce me ka yi masa?"

Ya share gishirin da ke fuskarsa, bai dube ni ba. "Inda aka ba ni wurin ɗaure jirgin ba zurfi. Kullum yana gogar ƙasa. Na rage takobin."

"Nawa?"

"Taƙi biyu."

"Har da dalmar?"

"Na bar rabi."

Na so in zage shi, amma wata taguwa ta daki gefenmu, ta jefa ni kan igiyoyi, na ji gwiwata ta tsage.

Wajen ƙarfe tara Tinos ta ƙara nisa, duwatsun arewacin tsibirin Riniya kuwa sun matso ta hannun dama, ruwa na farfashewa a kansu fari fat. Lefteris ya tayar da ɗan injin da ke maƙale a baya. Duk taguwar da ta ɗaga mu sai farfelarsa ta fito tana kuka a iska. Ya kashe shi.

Dole mu juya mu koma yamma. Na tura sandar tuƙi don goshin ya ratsa iska ya koma ɗaya gefen. Jirgin ya taso, ya taso, taguwa ta mare shi, ya koma inda ya fito. Na sake gwadawa. Haka dai. Kowane gwaji kuma yana ƙara kusantar da mu ga duwatsu. Har na fara jin ƙarar ruwan da ke komawa ta tsakaninsu.

"Ba zai juya ta gaba ba," na ce. "Ta baya za mu bi."

"Kin haukace? Kan dutse za ki nufa!"

"Na sani. Sauke babban ƙyallen duka."

"Froso..."

"Sauke, Yaya!"

Ya rarrafa zuwa gindin turke, hannu ɗaya a igiya, ƙyallen na marinsa. Mutum mai shekara hamsin da biyu, da ciwon baya. Sau ɗaya ƙafarsa ta zame har ta taɓa ruwa, na runtse ido. Da na buɗe yana rungume da turken, ƙyallen a ƙasa.

Na ja sandar tuƙi zuwa cikina. Kalliopi ya ba iska baya, ya zabura, goshinsa ya nufi duwatsun sosai. Na ga baƙar gansakuka a jikinsu, na ga wani tsuntsu zaune yana kallonmu. Jirgin na juyawa, amma a hankali, kamar yana shawara. Sai ƙaramin ƙyalle ya yi ƙara fau, ya tsallaka ɗaya gefen. Lefteris ya cafki igiyarsa ya ja da dukkan ƙarfinsa. Wani abu ya gogi ƙasan jirgin, gurr, sau ɗaya. Muka wuce.

Muka bi gefen tsibirin iska na tura mu ta baya, har muka sami wani lungu a kudu inda ruwa ke kwance. Muka jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi. Lefteris ya ɗaga katakon daɓen ɗaki ya duba, ruwa bai shigo ba. Sannan ya zauna a bakin ƙofa.

"Da na gaya miki, da ba ki yarda ba," ya ce.

"Da ban hau ba."

"Shi ya sa na ce mu bi Mama."

Ya ɗauko tsumma ya ɗaure mini gwiwa. Ƙarfe sha ɗaya saura na kira Mama, ina jin ƙararrawar coci ta cikin wayar. Na ce mata iska ce ta hana mu, muna lafiya. Sai ta ce, "Ba ni yayanki." Ban ji abin da ta faɗa masa ba. "To, Mama," kawai yake ta cewa.

Kwana biyu muka yi a lungun kafin iskar ta faɗi, muna cin busasshen burodi da zaitun. Da sanyi ya shigo aka jawo Kalliopi kan tudu. Guntun takobin yana nan a bayan shagon Baba, Lefteris bai iya jefar da shi ba. Wani tsohon abokin aikin Baba ya duba yankan, ya girgiza kai, ya ce haɗi ba zai riƙe ba, sai dai a ƙera sabo. Mako uku suka yi a kai. Yanzu jirgin yana ɗaure can wajen gari inda akwai zurfi, kuma tafiyar rabin sa'a ce a ƙafa daga gidan Lefteris.