Lambar Malam a Hannun Mai Ɗinki

Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen lambobi na hukumar sadarwa, hawa na uku, a ɗakin da tagarsa ke kallon bayan wata ma'ajiyar siminti. Aikinmu shi ne raba wa kamfanonin waya lambobi da rubuta ƙa'idar yadda za su riƙe su. Ba aikin da ake yi wa mutum tafi ba ne. Matata ma idan an tambaye ta sai ta ce, "Yana ƙirga sifili ne a gwamnati."

A shekarar da nake ba da labari, an ɗora mini rubuta ƙa'idar sabuwar rajista. Rajistar za ta ɗaure lambar wayar mutum da adireshinsa na intanet: imel ɗinsa, ma'ajiyar hotunansa da muryoyinsa, duk wata ƙofa tasa. Wanda ya san lambarka ya san inda zai same ka, wanda kuma ya riƙe lambar ya riƙe makullin. Kamfanoni biyu sun riga sun fara gwaji da abokan cinikinsu tun bara, ƙa'idar ce kawai ta rage.

Sakin layi na tara ya fi cin mana lokaci. Idan layi ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani. To, me za a yi da adireshin tsohon mai ita? Lauyan kamfanonin, wani dogo mai yawan duba agogo, ya ce lamba ba gado ba ce, aro ce, kuma lambobi sun kusa ƙarewa. Injiniyarmu ta ce hanya mafi tsabta ita ce a goge komai, kada sabon mai layi ya shiga sirrin tsohon. Na ga gaskiyarta. Da hannuna na rubuta: "Za a goge duk wani haɗi nan take." Darakta ya ce zai sa hannu ranar Juma'a, Litinin kuma a share tsofaffin haɗe-haɗen da suka taru.

Ranar Laraba da hantsi aka turo mini wata dattijuwa daga ƙasa. Ta hawo matakala da ƙafa don tana tsoron lif, ta zauna tana haki, jakarta a kan cinya. Na ba ta ruwa.

"Mama, me ke tafe da ke?"

"Ɗana, lambar maigidana nake nema. Sun ce ku ne masu lambobi."

Mijinta malamin firamare ne, ya koyar shekara talatin da huɗu. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya riƙa magana a cikin wayarsa kowace safiya, yana ba jikokinsa labarin iyayensa da garin da aka haife shi, da yadda ya koyi karatu. Surukinsu ne ya saita masa ma'ajiya a intanet, ya ɗaure ta da lambar. Bayan rasuwarsa ta sa wayar a cikin durowa, ba ta iya ko kallonta ba. Wata takwas sannan ta samu ƙarfin zuciya, ta ba 'yarta ta kunna. Layin ya mutu. Ma'ajiyar kuma ta ce sai an shigar da lambobin sirri da ta aika zuwa layin.

"Na kira," in ji ta. "Wata mace ta ɗauka. Na kasa cewa komai, na kashe."

Na buɗe rajistar. Haɗin yana nan, bai goge ba, saboda ƙa'idata ba ta fara aiki ba. Sunan sabuwar mai layin da adireshin shagonta suna gabana a allo. Dattijuwar ta miƙo wuya.

"Ga ta nan ko? Faɗa mini inda take, ni zan je in roƙe ta."

"Mama, ba ni da ikon ba ki."

"Wa ya hana?"

Sakin layi na huɗu na tsohuwar ƙa'idarmu ne ya hana, shi ma ni na rubuta shi, kuma har yau ina ganin daidai ne. Ban faɗa mata haka ba. Na ce ta ba ni minti biyar, na ɗauki wayar ofis na buga lambar.

Ƙarar keken ɗinki na fara ji, sannan murya. Da na ce daga hukumar sadarwa nake, sai keken ya tsaya.

"Idan maganar Malam ce, ya rasu," ta ce. "Allah ya jiƙansa. Na gaji, wallahi."

Na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce tun da ta sayi layin ake kiranta. Tsofaffin ɗalibansa, wani daga asibiti, wani tsoho da ya ce tare suka yi kwaleji. Wani daga cikinsu ne ya gaya mata rasuwar, daga nan ita ta koma mai sanar da sauran. Mutum bakwai ta yi wa ta'aziyyar wanda ba ta taɓa gani ba. Ɗaya ya yi ta kuka, ta ajiye almakashi ta saurare shi har ya gama.

"Amma kar ku ce in ba da layin," ta ce. "Na buga shi a allon shagona, na buga a leda. Duk masu kawo mini ɗinki shi suka sani."

Na ce ba layin muke so ba, awa ɗaya muke so.

Washegari mai ɗinkin ta zo, zare a maƙale a gefen mayafinta. Ba ta wuce shekara talatin ba. Muka shiga ƙaramin ɗakin taro, ni da ita da dattijuwar da 'yarta, sai Injiniya da kwamfutarta. Dattijuwar da mai ɗinkin suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Can mai ɗinkin ta sunkuyar da kai.

"Mama, ki yafe mini. Sau ɗaya na buɗe, ban san mene ne ba. Na ga hoton dattijo da farar hula, na ji ya yi tari ya ce, 'To, ina muka tsaya jiya?' Sai na rufe. Ban ƙara ba."

"Haka yake farawa kullum," in ji dattijuwar.

Injiniya ta nemi lambobin sirrin, wayar mai ɗinkin ta yi ƙara, ta karanto su ɗaya bayan ɗaya. Muryoyi ɗari da goma sha tara ne. Kwashe su zuwa imel ɗin 'yar ya ɗauki kusan minti arba'in, saboda intanet ɗin hukumar sadarwa, abin kunya, ya fi na kowa rarrafe. Da aka gama, 'yar ta tambayi uwarta ko a kunna ɗaya. Ta girgiza kai.

"Sai mun je gida. Ba zan ji shi a gaban mutane ba."

Ta kamo hannun mai ɗinkin ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta ce, idan wani ya sake kira, ta ba shi lambar 'yarta, ta huta da wannan nauyin.

Da rana na shiga wurin Darakta da sabon sakin layi na tara. Na nemi a ajiye haɗin a kulle na shekara guda bayan an karɓe lamba, yadda sabon mai layi ba zai iya shiga ba, magada kuma su iya zuwa da shaida. Ya kira lauyan da Injiniya.

"Ranka ya daɗe," in ji lauyan, "wa zai tantance magada? Mu? Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya tara, kowanne ya zo da takarda. Kuma wa ya ce mamacin yana so a ga abin da ya ajiye?"

Tambayarsa ta ƙarshe tana da nauyi. Malam ya yi maganarsa ne domin a ji. Wani kuwa ya ajiye abin da zai so ya bi shi kabari. Na ce to a tambayi kowa tun yana raye, ranar da zai yi rajista, ya faɗi wanda za a ba ko ya ce a goge. Injiniya ta ce wannan mai yiwuwa ne, layi ɗaya ne a fom. Lauyan ya ce shekara ta yi yawa. Aka yi ta ja har la'asar. Darakta ya cire tabarau ya murza idanunsa, ya yanke: kwana casa'in, da layin a fom, ga masu rajista daga yanzu.

"Na baya fa, ranka ya daɗe?"

"Ba su cike fom ba. Ba zan buɗe wa kowa sirrin wanda bai ce a buɗe ba, kuma ba zan bar shi a hannun baƙo ba. Litinin a share."

Na tambayi Injiniya ko su nawa ne. Ta ce dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da wani abu. Yawancinsu, ta ce, mutane ne da suka canza layi kawai, ba su damu ba. Na ce, sauran fa? Ta ce rajista ba ta nuna wannan.

Ranar Litinin ban sauka ɗakin na'urori ba. Ina zaune ina gyaran sakin layi na goma, wanda ya shafi lambobin kamfanonin da suka rufe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Injiniya ta leƙo, ba ta shigo ba.

"An gama," ta ce. "Minti goma sha huɗu."

Na ce mata sannu da aiki. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ta tambaye ni ko ina da lambar mai ɗinkin nan, tana da yadi biyu da suka daɗe a ajiye. Na ce ba ni da ikon ba ta. Ta gyaɗa kai, ta ja mini ƙofar.