Hannun Hagu na Bakri

"Baba Sanusi, dubi yatsunsa," in ji Fahad, ɗan Bakri mara lafiyar. "Tun safe yake tasbihi, Masha Allah."

Sanusi ya duba. Hannun hagu ne ke motsi a kan bargon, kuma Bakri bai taɓa tasbihi da hagu ba.

Sanusi da Bakri maƙwabta ne a unguwar Jurf ta Madina, katanga ɗaya. Kowa ya san Bakri da gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. To amma kafin ya zo Madina makaɗin kamanja ne a Sudan, gogen nan na Turawa. Wani tsoho ɗan Ingila mai tsara waƙoƙi ya koya masa, har ya tsara masa wani dogon kiɗa, goge ɗaya a gaba, sauran makaɗa na amsawa. Ana shirin kaɗa shi Baturen ya mutu, shi ke nan aka watse. Bakri ya zo Hajji, ya sayar da kamanjar, ya ce ya tuba. Ko 'ya'yansa ba su sani ba, sai Sanusi.

Ga numfashi na sarƙewa, ga kiɗa ya dawo a yatsun hagun da ke danna tsirkiyar kamanja a da. Abin da ke cin Sanusi ke nan, kada bawan Allah ya cika a garin Manzo da kiɗan Bature maimakon kalmar shahada.

"Fahad, je ka kawo zamzam."

Da ya fita, Sanusi ya sunkuya. "Kai, ɗan Sudan. Ce La'ilaha illallah."

Bakri ya ɗan buɗe ido. "Saura kaɗan. Bari in kai ƙarshe."

"Ƙarshen me kuma? Ai ƙarshen ne wannan."

"Baturen bai taɓa jin abinsa ba, miskin."

Sanusi ya riƙe hannun don ya tsayar da shi. Ina. Yatsun suka koma kan tsintsiyar hannun Sanusi, suna dannawa, suna hawa suna sauka. Yana maimaita masa kalmar a kunne, su kuwa suna tafiya. Can leɓɓan suka motsa. Kalmar ce ko kiɗan, ƙarar mukayyif ba ta bari ya ji ba. Sai yatsun suka tsaya.

Fahad ya shigo da kofi a hannu, ya yi cik. "Ya faɗa, Baba? Ka ji?"

"Bakinsa dai ya motsa. Zo ka rufe masa ido."

Bayan la'asar aka kai Bakri maƙabartar Baƙi'a. Da magariba Sanusi ya naɗe hannun riga zai yi alwala, ya ga sawun farce huɗu a jere a fatarsa. Ya daɗe a tsugune, ruwa na zuba a kansu.