Zangon Minti Hamsin

Babana yana gyaran injinan ɗaukar hoto na asibiti, kuma kusan duk wata sai an tura shi wata ƙasa mai nisa. Kaka, mahaifiyarsa, takan ce ita dai mutum ta haifa, ba ta san ranar da ya koma tsuntsu ba.

Ni nake saya masa tikiti. Ya ba ni ɗan littafi mai baƙin bango, dokokinsa a ciki. Kamfanin jirgi biyu kaɗai ya yarda da su. Kujera ta bakin hanya, saboda gwiwarsa. Doka ta uku kuwa layi biyu ya ja mata: zangon canjin jirgi kada ya gaza awa uku.

"Malama," haka yake kirana saboda tabarau, "jirgi ya taɓa barina, na yi kwana biyu a kan benci da safa ɗaya. Kada ki sake a maimaita."

Ranar Litinin Kaka ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Likita ya ce a kira duk wanda ke nesa. Baba ya bugo mini, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Nemo mini hanyar gida. Kin san wadda ta dace."

Hanya biyu na samu. Ɗaya ta wani kamfani ce da bai taɓa hawa ba, zangonta minti hamsin, zai iso Talata da hantsi. Ɗayar ta kamfaninsa ce, zangon awa goma sha ɗaya, sai Laraba da safe. Na kira shi sau huɗu, shiru. Ɗakin injin da yake haɗawa ba a shiga da waya. Kujera ɗaya ta rage a kowanne. Na buɗe littafin, na bi doka.

Talata da azahar Kaka ta buɗe ido a gadon asibiti.

"Tsuntsun ya sauka?"

"Yana hanya, Kaka."

"Kullum yana hanya." Ta yi murmushi. "Ke kuma cire gilashin nan, sai kallona kike kamar likita."

Da la'asar ta cika. A lokacin Baba yana zaune a ɗakin jiran fasinjoji, saura masa awa shida a kira jirginsa.

Bayan kwana uku na same shi a ɗakinta, ya riƙe kofin da take jiƙa haƙoranta na roba. Bai ma cire takardar da aka liƙa wa jakarsa a filin jirgi ba, jakar tana nan a bakin ƙofa. Na durƙusa.

"Baba, akwai wata hanyar. Da ka iso tana magana."

Na faɗa masa komai ina in'ina. Ya daɗe yana juya kofin.

"A wane filin jirgi ne zangon?"

Na faɗa.

"Can?" Ya girgiza kai. "Minti hamsin ba ya isa. Sai an hau ƙaramin jirgin ƙasa daga wannan gini zuwa wancan, ga layin bincike. Da jirgin saman ya bar ni, da ko Larabar ban iso ba. Kin yi daidai, Malama."

Ya dafa kaina.

Tun ranar da Kaka ta rasu nake duba taswirar filin nan, har na haddace ta. Gini ɗaya ne. Babu jirgin ƙasa. Ƙofar sauka da ta tashi suna kallon juna, kuma duka jiragen sun tashi a kan lokaci.

Na ɗago, na ga yadda yake jiran in yarda.

"To, Baba," na ce.