Abin da Ke Bayan Denzil

Ranar da masu otal suka kafa ƙofar katako a bakin hanyar da ke gangarawa teku, Loveday Penhale ta rantse bakinta ba zai ƙara furta "na gode" a wurin ba. Wanda bai san mutanen garinmu Porthenys ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Mu kuwa ko ƙafa aka taka mana mu ne masu ba da haƙuri, direban bas ma sai mun gode masa kafin mu sauka.

Tun tana budurwa Loveday take bin hanyar nan kowace safiya ta je ta yi iyo a ruwan sanyi. Ta tsufa, mijinta Wilf ya rasu, ba ta fasa ba. Sai wasu attajirai suka sayi tsohon gidan da ke kan tudu suka mai da shi otal, hanyar kuwa ta gefen lambunsu ta ratsa. Ba su hana kowa wucewa ba. Ƙofar ko kwaɗo babu, har mutum suka ajiye yana buɗe wa jama'a da fara'a. Wannan fara'ar ce ta hana Loveday sakat.

Ta tara ƙawayenta na iyo ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Hanyar da jama'a suka saba bi ba tare da neman izinin kowa ba, ta jama'a ce, kuma maganar tamu tana gaban majalisar gari. Ranar da waɗannan mutanen suka nuna da izininsu muke wucewa, ta zama alfarma, mai alfarma kuwa in ya ga dama ya janye abarsa. Godiyarmu suke farauta. Kowa ta kama bakinta."

Tamsin Uren, aminiyarta, ta ce, "Ke dai Loveday, ko jariri ne ya yi miki dariya sai kin tambayi wanda ya aiko shi."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne mai buɗe ƙofar. Denzil Roskilly ne, wanda suka yi kamun kifi a jirgi ɗaya da Wilf, da shi aka ɗauki akwatin gawarsa. Ga shi yau cikin koriyar rigar otal. Da ya hango matan sai ya wangale ƙofar har ta manne da katanga, ya jingina bayansa da ita, ba ya motsawa sai ta ƙarshensu ta wuce.

"Barka da asuba, Loveday."

"Nawa suka saye ka, Denzil?"

"Da araha. Tsohon kaya ne."

Ta wuce tana huci. Ta lura da yadda yake tokare ƙofar nan kamar gadon ubansa, ta ce a ranta ƙirga su yake yi ya kai wa manaja, Mista Ashworth, baƙon da bai cika fitowa da sassafe ba.

Ba a daɗe ba otal ya fara ajiye shayi mai zafi da tawul masu laushi a bakin ƙofar. Wanda bai taɓa fitowa daga tekunmu haƙoransa na kaɗawa ba, kada ya zargi matan nan. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙa hannu. Tamsin ta riƙa yin tata godiyar cikin kofi don kada a ji. Loveday ta ji, ta kwana biyu ba ta yi mata magana ba.

Wata safiya iska ta juya. Sauran matan suka dubi ruwa suka ce yau shayi ya ishe su, suka tsaya a bakin ƙofa. Loveday ta zo wucewa, Denzil ya rage murya.

"Kada ki shiga yau. Ruwan nan ja yake yi."

"Au, an fara ke nan? Yau kada in shiga, gobe kada in zo. Koma ka gaya wa ubangidanka ba a haife shi ba na fara iyo a nan."

"Don darajar Wilf, Loveday."

"Kada ka ƙara kama sunansa da rigar nan a jikinka."

Mai rabon shan duka ba ya jin kwaɓa. Ta shiga, ba ta yi wani nisa ba ta ji ruwa ya kama ta yana janta waje. Ta yi ta kokawa, gaɓa sai ƙara nisa take, sanyi ya ɗaure mata hannuwa. Tsoro ya kama ta sosai. Can ta ji an damƙi wuyan rigar iyonta, muryar Denzil na cewa ta daina shurinsa in tana son ganin gobe.

Da ƙyar suka fito. Suka hau hanyar a hankali, tana riƙe da hannunsa, tana jiran matan su taho da gudu. Biyu suka taho da tawul. Sauran sun taru a katanga. Ƙofar da Denzil ya saki ta koma ta rufe kanta, inda take mannewa a jikin katanga kuwa ga allon ƙarfe an kafe da ƙusa. Tamsin, wadda ba ta iya ganin rubutu ta yi shiru, tana karantawa da ƙarfi: wucewa ta wannan hanya da izinin otal ne, kuma ana iya janye shi kowane lokaci. Ihun da aka yi ya fito da Mista Ashworth, yana gefe da waya a hannu yana ɗaukar su hoto suna karanta allon.

Loveday ta tsaya cak. "Tun yaushe yake nan?"

"Tun ranar da aka kafa ƙofar," in ji Denzil. "Allon da ba wanda ya gani ai ba sanarwa ba ne. Na ce in bayana ya jure har majalisa ta zauna, shi ke nan."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"In gaya miki? Kafin tsakar rana kin kwaso gari kaf sun zo karantawa."

Gaskiya ya faɗa. Ta dubi tsohon, ruwa na ɗiga daga koriyar rigar, leɓensa ya yi fari saboda sanyi, kunya ta rufe ta. Sun iso ƙofar daidai lokacin da maganar da ta daɗe tana dannewa ta ƙwace mata.

"Na gode," ta ce.

Da Denzil take. Amma Mista Ashworth ne ya riga ya buɗe musu ƙofar da hannunsa, ya ɗan rusuna yana murmushi.

"Ba komai, Misis Penhale," ya ce. "Ai kullum muna maraba da ku."